AKWATIN DA KE ƘARƘASHIN GADON BABA

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda yake da tes gobe ya ajiye shi sai ya fito.

Daren jiya mu goma sha ɗaya muka cushe a ɗakinmu na hostal a nan Samaru, wasu a kan gado, wasu a ƙasa, ɗaya ma a kan bokiti, duk mun zuba wa laftof guda ido. Ba ƙwallo muke kallo ba, ba kuma sabon fim ɗin Koriya ba. Samanja ne. Hoton yana rawa, kalar ta koɗe, sautin kamar daga cikin rijiya, amma dariyar da aka yi sai da maƙwabta suka buga mana bango. Da aka gama wani ya ce da ni, "Kai ɗan Suleja, ina ka samo waɗannan abubuwan?" Na ce labarin ba na tsaye ba ne, zan rubuta. To ga shi.

A bariki aka haife ni. Baba soja ne, da ya yi ritaya a 2006 muka dawo Suleja muka zauna. Wanda ya san Suleja ya san yadda harshe yake cakuɗe a garin nan: Hausa, Gwari, Nufanci, Koro, ga burokan na mutanen da ke kwana a wurinmu su yi sammakon tafiya aiki Abuja. Ka haɗa wannan da Hausar bariki da na taso da ita, ka san irin abin da na zo da shi Zariya a baki. Satina na farko a aji ɗaya, na ce wani abu a ɗaki, wani Bakano ya riƙe ciki yana dariya, wai Hausata ta sha ruwan Abuja har ta tsinke. Na rama mana. Na ce masa sarkinmu har yau Sarkin Zazzau ake ce masa, kuma sunan Abujar ma namu ne, a wurinmu aka karɓa da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, mu muka koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Aka yi shewa aka watse. Amma gaskiya abin ya zauna mini a rai. Daga ranar na rage magana cikin jama'a, na koma auna kowace kalma kafin ta fito. Wannan Hausar da kuke karantawa, a Zariya na wanke ta.

Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kun tuna yajin aikin 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas cur muna gida. Wasu sun koyi ɗinki, wasu sun shiga kasuwa, wasu ma aure suka yi. Ni kuwa jinya na tarar. Shekara guda kafin nan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi. Mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure har kajin gidan sai sun natsu, ya koma sai dai ya nuna abu da ido. Ba wai ba ya iya magana sam ba ne. Yana iyawa da ƙyar, amma tun ranar da wani baƙo ya sa shi maimaita kalma sau uku bai gane ba, sai ya ɗinke bakinsa. Tun ina yaro "Kurtu" yake kirana. Fiye da shekara ban ji wannan sunan ba.

Cikin watan Agusta, ruwa ya yi ruwa. Damunar Suleja ba irin ta Kano ko Katsina ba ce, bango har gumi yake yi, takalmi in ka ajiye sati biyu sai ya yi fumfuna. Umma ta ce a fito da komai na ɗakin Baba a share. A ƙarƙashin gado na jawo wani akwatin ƙarfe irin na sojoji, duk ya yi tsatsa. Na buɗe. Kaset-kaset na bidiyo ne, jere reras, guda arba'in da ɗaya. Kowanne da rubutun Baba a gefe da jan biro: Samanja 1, Samanja 2, Karambana, Karkuzu, Kuliya, Sholay, Sangaya, Wasila, da wasu da rubutun ya goge.

Umma ta ce, "Kai wa 'yan jari-bola, ko kuɗin gishiri ma samu. Tun yaushe rabon da a ga na'urar da ke cin waɗannan?"

Na sunkuya zan ɗauka ke nan, sai na ji ƙwal! Baba ne ya buga sandarsa a ƙasa. Muka juya. Bai ce komai ba, idonsa yana kan akwatin. Ya sake bugawa. Umma ta ce, "To Malam, an bari, an bari." A nan na gane cewa abin da muke gani tarkace, shi ba haka yake ganinsa ba.

Washegari na bazama neman bidiyo, wato ita na'urar. Na zagaye kasuwar IBB, na bi shagunan masu gyara ɗaya bayan ɗaya. Samarin cikinsu dariya suka yi ta yi mini. Wani ya ce in kawo filashi ya tura mini fim ɗin da nake so, me zan yi da kayan kakanni. Kwana na uku aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo a wani lungu. Shagonsa kamar maƙabartar na'urori. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗana, mahaifinka ne ba lafiya?" Ban san yadda aka yi ya gane ba. Ya jawo matattun bidiyo guda uku, ya ciri bel a wannan, ya ciri kai a wancan, cikin kwana biyu ya tayar da guda. Naira dubu takwas ya karɓa, ya ce kuɗin kayan ne kawai.

Shi ya ba ni darasin da ba a ba ni a aji ba. Ya ce zaren kaset ba ya son abu uku: danshi, zafi, da maganaɗisu, don haka kar a ajiye shi kusa da lasifika. Ya ce in ka hango fari-fari kamar gari ta gilashin kaset, fumfuna ce, kar ka kuskura ka sa shi a na'ura, zai ɓata kan ya kuma shafa wa sauran. A sha iska a inuwa, ban da rana. A fara juya zaren da hannu a hankali a ga ko ya manne. Kan na'urar kuma a goge shi da farar takarda da ɗan sifirit, ban da auduga. Da zan tafi ya ce, "Je ka gwada. Da tsohuwar zuma ake magani."

Bayan sallar isha'i na haɗa wayoyin a bayan talabijin, na tura Samanja 1. Na'urar ta haɗiye shi da wannan ƙarar da na manta da ita tun ina firamare. Da farko yayyafi kawai, fari da baƙi, shuuu. Zuciyata ta faɗi. Can sai hoto ya yi tsalle sau biyu ya zauna. Ga Samanja cikin kaki, ya ƙame, yana zazzaga wa wani kurtu masifa da Hausarsa ta bariki.

Ban kalli talabijin ɗin ba, Baba nake kallo. Minti biyar bai motsa ba. Sai na ga kafaɗarsa tana girgiza. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne. Ashe dariya ce, da rabin fuska, hawaye yana bin ɗaya ɓarin. Sannan ya buɗe baki, da ƙyar, kalma-kalma, ya ce:

"Kurtu. Ƙaro murya."

Umma ta tashi ta shige kicin, wai za ta duba ruwan zafi. Babu wani ruwa a kan wuta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce Samanja ya warkar da Baba ba. Har yau hannun bai dawo ba, magani da gashi ake ci gaba da yi. Amma daga daren nan ya samu abin da yake son faɗa har ya yarda ya sha wahalar faɗarsa. Kullum bayan isha'i kaset ɗaya. Ya nuna wata mota ya ce irinta kwamandansu ke hawa. Ya nuna yadda wani ya sara ya ce ba daidai ba ne. Ya ba ni labarin yadda a barikinsu gida ɗaya ne ke da talabijin a layinsu, in lokacin shirin ya yi sai a fito da ita waje a ɗora a kan tebur, yara a gaba, mata a gefe, maza a tsaye a baya. Abin da ban sani ba game da mahaifina cikin shekara ashirin da biyu, na san shi cikin wata biyu, albarkacin kaset masu fumfuna.

Yanzu bari in dawo kan maganar Hausata. Ina zaune ina sauraron Samanja sai na ji wani abu ya warware a ƙirjina. Wannan ai harshen gidanmu ne. Hausar da ake yi mini dariya a kanta, ita ce aka yi shekaru ana watsawa daga gidan talabijin na Kaduna, Arewa kaf tana jiran lokacinta. Kuma shi mai wasan, Usman Baba Pategi, Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta jihar Kwara, tsohon soja. Babu wanda ya taɓa cewa ba namu ba ne. Da na bi sauran kaset ɗin sai na ga haka abin yake ko'ina. Karkuzu na Bodara da Hausar Jos. Kasimu Yero na Karambana daga Kaduna. Kuliya Manta Sabo da Kananci tsantsa. Baba ya ce akwai Idon Matambayi na Sakkwato, ya taɓa mallakarsa wani ya ara bai dawo da shi ba. Kowane gari da muryarsa, kuma kowa yana kallon na kowa. Arewar da ke cikin akwatin Baba ta fi wadda muke musu a kanta a hostal faɗi.

Kuma ba dariya kaɗai ke ciki ba. Ka ga irin ɗinkin lokacin, ka ga kwanon langa, ka ga Fijo 504, ka ga yadda yaro ke tsugunawa ya gaida babba, ka ji ana ciniki da kwabo. Wani wurin Baba ya manta bai tsayar da ɗauka ba, sai tallan sabulu da guntun labarai suka shigo. Wallahi waɗannan guntayen sun fi wasu handawut ɗin da muka haddace koya mini yadda iyayenmu suka rayu.

Kar kuma ku ɗauka ina cewa duk abin da ya tsufa zinariya ne. A'a. Wasu shirye-shiryen jan jiki gare su, mutum zai yi minti uku yana sallama. Akwai barkwancin da ake yi da mata ko da mutanen ƙauye wanda yau in ka ji sai ka ɗan sunkuyar da kai. Ni ma ina kallon Labarina, ina bin Daɗin Kowa, kuma datata tana ƙarewa a kan finafinan waje kamar ta kowa. Abin da nake cewa kawai, waɗancan suna da masu adana su. Namu kuwa suna ƙarƙashin gado suna ruɓewa.

Da na ga haka sai na sayi wata 'yar na'ura da ake haɗa bidiyo da laftof, na fara juye su. Aikin ba ya gaggautuwa. Kaset na awa uku, awa uku za ka zauna, babu tsallakewa. In aka ɗauke wuta a tsakiya, ka koma farko. Cikin arba'in da ɗaya, ashirin da shida suka fita lafiya, tara rabi-rabi, shida sun mutu murus, zaren ya manne kamar an zuba masa ƙaro.

Saura abin da ya fi yi mini nauyin faɗa.

A ƙasan akwatin akwai wani kaset da aka naɗe a leda shi kaɗai. An rubuta: Faretin sallama, 2006. Ranar da Baba ya ajiye kaki ke nan. Da na nuna masa sai ya gyara zama, ya sa aka kira Umma da ƙannena, har hula ya ce a miƙo masa. Ina cire ledar na ga salatif manne a gefen kaset ɗin, a daidai ramin nan da ake karya wa haƙori don kar a yi ɗauka a kai. Gabana ya yanke ya faɗi, don na san hannun da ya manna shi.

Na tura. Yayyafi. Sai ga koren fili, ga 'yan wasa, ga ƙarar vuvuzela. Najeriya da Ajantina, gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. Ina ɗan shekara goma lokacin. Wani yaron maƙwabta ya koya mini dabarar salatif, na rasa kaset ɗin da zan ɗauki wasan, na buɗe akwatin Baba na zari wanda ya fi kyau. Na shafe faretin mahaifina da wasan da aka ci mu ɗaya da nema.

Ɗakin ya yi tsit. Na yi ta tura shi gaba ina addu'a a zuci. Bayan wasan ya ƙare, hoto ya yi rawa, sai ga ragowar faretin, minti biyu da 'yan daƙiƙu. An riga an tashi, mutane suna watsewa. Can gefe wani soja ya wuce, bayansa kawai ake gani, tafiyar nan tasa ta ƙasaita da hannu biyu suna lilo. Umma ta ce, "Ga shi nan." Shi ke nan. Zaren ya ƙare.

Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne. Ka yafe mini." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Na sani. Tun tuni." Ashe ya gano tun shekarar, bai taɓa ɗaga maganar ba, ya mayar da kaset ɗin leda ya ajiye saboda waɗannan minti biyun. Ya ce in mayar baya. Sau huɗu muka kalla.

Tun daga ranar na daina ganin laifin gidajen talabijin da masu shirya fim kaɗai in ana maganar ɓacewar tsofaffin ayyuka. Yawancin abin da ya ɓace, irin hannuna ne ya ɓatar da shi: wanda ya ɗauki ƙwallo a kai, wanda ya zare zaren ya yi wa motar langa-langa ado, wanda ya ara bai mayar ba, wanda ya ba 'yan jari-bola.

Ku duba Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru ana ɗaukar ya ɓata, sai a 2016 aka tsinci faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiyar finafinai a Legas, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. In babban fim irin wannan, na littafin Firayim Minista guda, zai iya yin wannan dogon ɓatan, ina ga wasan da aka ɗauka a kaset a Jos ko Sakkwato? Ko Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, na 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo a Kano. 'Yan Sashen Hausa da na Aikin Jarida, ku faɗi gaskiya, sau nawa kuka rubuta sunansa a jarrabawa, kuma mutum nawa ne a cikinku suka taɓa ganinsa da ido? Abin da ke YouTube na tsofaffin shirye-shiryen nan galibi guntaye ne, wani ma waya aka saita a gaban talabijin.

Su kansu mutanen tafiya suke yi. Ibro ya rasu a 2014. Kasimu Yero a 2017. A watan Nuwamban 2023 ina zaune ina jiran lakca na ga a Facebook cewa Samanja ya rasu. Na fita waje na kira Umma na ce kar a faɗa wa Baba tukuna. Ta ce ai ya riga ni ji, a rediyo. Na ce me ya ce? Ta ce cewa ya yi Allah ya jiƙan maza, sannan ya sa ƙanwata ta kunna masa na ɗaya.

To, Bakanon nan da ya ce Hausata ta tsinke, shi ne wanda ke zaune a kan bokiti daren jiya. Yanzu in ya shigo ɗaki da muryar Samanja yake sallama, kuma duk ƙoƙarinsa bai kai ni iyawa ba, abin gado ne. Da aka watse ya dawo ya ce mini, "Mutumina, ka san akwai buhu guda na irin waɗannan a sitonmu? Hajiya ta ce bayan salla za a zubar." Maganarsa ce ta sa na kasa barci har na zauna rubuta wannan.

Hutu ya kusa. Don Allah in kun je gida ku leƙa ƙarƙashin gado, saman sif, da cikin sito. In kun samu kaset ko tsofaffin faya-fayan CD, kar ku zubar, kar kuma ku yi saurin kunnawa. Ku fitar da su daga danshi, ku rubuta sunan abin da ke jikin kowanne, ku nemi tsofaffin masu gyara tun suna nan, don su ma ba su da magada. Ku fara da na biki da suna da walimar sauka, waɗannan babu kwafinsu a ko'ina a duniya. In kun juye, ku ajiye a wuri biyu, laftof yana mutuwa, waya tana ɓata. Fim ɗin da masu shi suke raye kuma suka ɗora a tasharsu, ku kalla a can, haƙƙinsu ne. Sannan in Allah ya sa tsofaffinku suna raye, ku kalla tare da su, ku bar su su yi ta katse ku da labari.

Na'urata tana Suleja, tana aiki. Duk wanda yake kusa, daga Madalla zuwa Tafa, ya yi mini magana, ba na karɓar ko sisi. In kuma akwai mai Idon Matambayi, ko kashi ɗaya ne, ya taimaka mini, akwai mai jira.

Ku sa Baba a addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.